Kifin Layin Baya

A sashen koyar da kiɗa da waƙa na kwalejin horar da malamai, ba wanda zai ce maka ya taɓa ganin shugabar sashe ta shanye shayinta. Takan zuba, ta kurɓa, waya ta yi ƙara, shi ke nan kofin ya zama rabon ƙudaje. Dakta A-Sake ɗalibai suke ce mata, da fari a bayan idonta, daga baya har a gabanta, tana kuma amsawa. Sunan ya samo asali tun tana ƙaramar malama. Idan ɗalibi ya rera baiti ya kauce, ba ta faɗa, ba ta ɓata fuska, sai dai ta ce a sake, ta yi ta faɗi har sai muryarsa ta hau. Sunan ya zauna daram, amma kalmar ta daɗe da barin bakinta. Tun da aka ɗora mata shugabanci, abin da aka fi ji daga gare ta shi ne "ya yi". A tsaye take faɗinsa ko tana tafe, takardu a hammata, wani na biye da ita yana bayani yana haki.

A wannan zangon karatu kanta ya ɗau zafi fiye da kullum, don kwamitin tantancewa zai zo. Idan sashen bai ci ba, an riga an raɗa mata cewa za a cusa shi ƙarƙashin wani sashe, a mai da ɗakin bita wurin ajiye karyayyun kujeru. Kwamitin zai duba takardu, ya duba kayan kiɗa, sannan a rufe ziyarar da waƙar rukunin ɗalibai a babban ɗakin taro. Kowa ya san wannan waƙar ce baƙi suke tafiya da ita a kunne idan sun je rubuta rahotonsu.

Tana saukowa daga bene za ta ofishin shugaban kwaleji malamin da ke jagorantar rukunin ya tare ta. Mai Sanda ake kiransa, saboda 'yar siririyar sandar da yake kaɗa wa mawaƙa, wadda ko masallaci zai je tana aljihun gabansa. Ya jero mata buƙatu: kayan bai ɗaya na mawaƙa, mai gyaran fiyano, fankar dandamali. Tana ta cewa ya yi. Sai ya rage murya.

"Sai maganar Uwar Aji, Dakta. Ranar baƙi mu sa ta yi kifi kawai ko?"

"Ya yi," in ji ta.

Ta kai ƙasan bene, ta tsallaka baranda, kafin maganar ta iso kunnenta sosai. Ta ja ta tsaya. Da ta waiwaya Mai Sanda ya riga ya shige, wayarta kuma tana ta ruri, sakataren shugaban kwaleji ne yana cewa ita kaɗai ake jira.

Yin kifi kalmar malaman waƙa ce, ba a rubuta ta a littafi. Idan a cikin rukuni akwai wanda muryarsa take karkacewa, sai a kai shi layin baya, a ce ranar taro ya riƙa buɗe baki yana rufewa tare da kowa, amma kada sauti ya fito. Daga nesa sai ka rantse yana waƙa. Abin da ya sa maganar ta tsaya wa Dakta a wuya kuwa shi ne, duk ƙasar nan in ana neman wanda ya yaƙi yin kifi, ita za a fara nunawa. A kansa ta yi suna, a kansa ta samu kujerar da ba ta zama a kai.

'Yar mai gyaran rediyo ce. Ta tashi a gidan da sauti ba ya yankewa, rediyon mutane jere a kan tebur, wannan na tari, wancan na shaƙewa, babanta na murɗa su har su dawo hayyacinsu. Ita kuma tana bin kowace waƙa da muryarta mai kauri, irin wadda ba a saba ji a bakin yarinya ba. Innarta takan ce wannan ɗiya da ta zo namiji da an huta da sayen lasifika. Tana firamare aka shirya taron iyaye, aka sa ajinsu waƙa. Ana gobe taro malaminsu ya kira ta gefe, ya dafa kanta, ya ce ita yarinyar kirki ce, saboda haka gobe ta motsa baki kawai. Ta yi yadda aka ce. Ta tsaya a layin baya tana buɗe baki tana rufewa, tana hango babanta ya rufe shago ya zo, ya sa rigarsa ta zuwa biki. A hanyar gida ya riƙe hannunta ya ce wallahi muryarta ta fi ta kowa fita, tun daga ƙofa ya gane ta. Mutumin da kunnensa ke gane ciwon rediyo daga ɗaki na biyu, shi ne ya yi mata wannan ƙarya don ta ji daɗi, kuma abin ya fi maganar malamin yi mata ciwo. Daga ranar ta daina bin rediyo.

Sai da ta shiga makarantar malamai wata tsohuwar malama ta gano inda matsalar take. Ta zaunar da ita gefen fiyano ta ce ta fitar da kowane sauti ya zo mata. Da ƙyar ta yarda. Malamar ta yi ta laluben maɓallai tana gangarawa hagu, har ta tarar da sautin can ƙasa, ta ce to ga gidanki nan, daga nan za mu fara hawa. Ashe kunnenta lafiya lau. Waƙoƙin aji ne ake ɗaukowa daga sama, inda muryarta ba ta kai, sai ta faɗo gefe.

Wannan abu ɗaya ta riƙe ta gina rayuwarta a kai. Ta yi digiri, ta yi na biyu, ta yi na digirgir. Shekaru ta kwashe tana yawon makarantun firamare da rakoda a jaka, tana roƙon hedimastoci su ba ta yaran da aka ce ba su da kunne. Ta naɗi muryoyinsu, ta zauna da su, ta rubuta cewa mafi yawansu ba abin da ya same su, malamai ne ba sa zuwa inda muryar yaro take su ɗauko shi. Aka buga binciken, aka gayyace ta taruka, aka sa ta a rediyo. Daga nan aka fara saka ta a kwamitoci, kuma duk wanda ya san aikin kwaleji ya san kwamiti haihuwa yake yi. Kafin ta ankara ta zama shugabar sashe, ana ma raɗe-raɗin za a ba ta shugabancin tsangayar da sashen ke ƙarƙashinta gaba ɗaya. Rabon da ta zauna gefen fiyano da ɗalibi ɗaya har ta manta. A taron shugabanni ma, idan ana yanke abin da ba ta yarda da shi ba, ta koyi gyaɗa kai tare da kowa.

Uwar Aji kuwa malamar firamare ce da ta yi shekaru tana koyarwa kafin ta dawo ƙaro karatu. Ta girmi 'yan ajinsu nesa ba kusa ba, wasu ma ta haife su, shi ya sa suka laƙaba mata sunan. Ita ke raba faɗa, ita ke da maganin ciwon kai a jaka, ita ke tuna wa kowa ranar jarrabawa. Ranar da aka yi mata tambayoyin shiga ta gaya wa Dakta baki da baki cewa a rediyo ta ji ta tana cewa babu ɗan Adam marar kunne, shi ya sa ta zaɓi wannan sashe. Dakta ta ce mata ta zo ofis su zauna da fiyano. Ta zo, ta tarar ana taro. Ta sake zuwa, aka ce Dakta ta yi tafiya. Ta daina zuwa, amma ba ta daina waƙa ba. A bita muryarta ce ta fi ta kowa ƙarfi, kuma ita ce ta fi ta kowa kaucewa, tana yi da zuciya ɗaya har da lumshe ido.

Dakta ta ƙudurta cewa tana fitowa daga ofishin shugaban kwaleji za ta nemi Mai Sanda ta janye maganarta. Ta fito aka ce mai gyaran fiyano ya zo yana jira. Washegari ta nufi ɗakin bita, a hanya ma'ajin kayan kiɗa ya tare ta da labarin gangar da ɓera ya huda. Kullum da abin da zai tare ta. Amma a faɗi gaskiya, mai son ganin Mai Sanda ba ya rasa shi, ofishinsa na kallon nata. Wata rana da yamma ta tsaya a bayan tagar ɗakin bita tana sauraro. Waƙar ta fito sumul, ba ƙura ba tsakuwa, irin wadda kwamiti ke so, don babu muryar Uwar Aji a ciki. Ta ji daɗi, sannan ta ji kunyar daɗin da ta ji, ta bar wurin da sauri kamar an kore ta.

A gida ma ta kasa zama. Ta shiga kicin ta fito ba ta ɗauko komai ba, ta gyara labulen da ba abin da ya same shi, ta kunna rediyo ta kashe. Maigidanta likitan dabbobi ne, mutum mai sanyi, wanda ya saba da jiran saniya ta gama fushinta. Yakan ce gidansu gidan dakta biyu ne, ɗaya na duba masu kuka, ɗaya na duba masu waƙa, kuma nasa marasa lafiyan sun fi biyayya. Ya bar ta ta gama zagayenta, sannan ya tambaye ta ko tabarmar falon ce ta yi mata laifi take tattaka ta haka. Ta ba shi labari a tsaye. Ta kawo hujjoji masu kyau: rana ɗaya ce tak, sashe guda ne a kan siraɗi, malamai da iyalansu, ɗaliban da za su zo nan gaba. Bayan baƙi sun tafi za ta zauna da matar ta gyara mata murya, ta yi alkawari.

"To ai kin gama magana, Dakta," in ji shi. "Me ya hana ki zama?"

Ta ce shi dai bai san aikin kwaleji ba. Ya ce haka ne, ya ci gaba da goge tabaraunsa.

Ana gobe baƙi za su zo ta yi kiciɓis da Uwar Aji a baranda. Matar ta rusuna ta gaishe ta kamar kullum, ta yi mata ya aiki, ya shirye-shirye, Allah ya ba da sa'a. Ba ƙorafi a fuskarta ko kaɗan. Dakta ta buɗe baki za ta yi magana, wayarta ta yi ƙara, ta ɗaga da sauri har tana gode wa mai kiran a ranta.

Ranar ziyara komai ya tafi daidai. Baƙin sun duba takardu sun gyaɗa kai, sun ƙwanƙwasa ganguna, an juya hudajjiyar ta kalli bango. Da la'asar aka taru a babban ɗakin taro. Dakta na layin gaba, tsakanin shugaban kwaleji da jagoran kwamitin, wani dattijon farfesa mai furfura da alƙalami a hannu. Mai Sanda ya ɗaga sandarsa, mai fiyano ya ba da sautin farko, rukuni ya ɗauka.

Ta yi niyyar kallon Mai Sanda kawai, amma idonta ya ƙi. Can layin baya, daga gefe, ga Uwar Aji cikin kayan bai ɗaya da suka ɗan matse ta. Bakinta na buɗewa yana rufewa daidai da na kowa, tana ɗaga gira inda ake ɗagawa, tana jan numfashi inda ake ja. Ko Dakta da ta san zancen sai da ta kalli maƙogwaronta kafin ta tabbatar. Maƙogwaron ba ya motsi, idon kuma a buɗe yake, ba lumshewar nan da aka san ta da ita.

Aka gama, ɗaki ya ɗauki tafi. Farfesan ya karkato ya ce mata ya daɗe bai ji rukuni mai tsabta haka ba. Ya ce ya karanta bincikenta tun da daɗewa, yau ga shi ya gani da idonsa, har waccan baiwar Allah ta layin baya, da ganin shekarunta ba da wuri ta fara ba, amma dubi yadda take waƙa da dukan zuciyarta. Shugaban kwaleji ya washe baki. An ci, ba sauran wata magana, abin da ya rage a sha lemo a raka baƙi mota.

Dakta ta ji kamar hannun babanta ne ya riƙe nata a hanyar gida. Ba ta san lokacin da ta miƙe ba.

"A sake," ta ce.

Ɗalibai suka yi dariya suka tafa, sun zaci yabo ne. Mai Sanda ya dube ta, ya ga fuskarta, dariyarsa ta tsaya a rabi. Ta hau dandamali, ta ratsa ta gefen sahu har layin baya, ta tsaya kafaɗa da kafaɗa da Uwar Aji. Ta ce mata a hankali wannan karon ta fitar da muryarta, kuskuren nata ne ita Dakta, ba na Mai Sanda ba.

Uwar Aji ba ta juyo ba. Tana kallon gaba ta amsa, ƙasa ƙasa yadda ba mai ji sai su biyu.

"Dakta, ki bar shi kawai. Na iya wannan ɗin. Tun ina firamare nake yinsa."

"Ni ma," in ji Dakta.

Ta yi wa Mai Sanda alama. Ya ɗaga sanda, aka ɗauka daga farko. Dakta ta buɗe baki, abin da ya fito kuwa sai addu'a. Muryar da ta yi shekara da shekaru ba ta aikin komai sai "ya yi" ta fito a shaƙe, mai kauri, ta faɗo ƙasa da kowa. 'Yan layin gaba suka fara waiwaye. Farfesan ya ɗago kai, ya gyara tabarau, ya sa alƙalami a takarda. Shugaban kwaleji ya sunkuyar da kai yana kallon takalmansa. Ita dai ba ta fasa ba, ta bi waƙar har ƙarshe, kunya na cin ta, gumi na bin bayanta. Uwar Aji kuwa ba ta yi kifi ba a wannan karon, amma ba ta yi waƙa ba. Ta rufe bakinta gam, hawaye na zuba, har aka sauke sanda. Tafin da aka yi na ladabi ne kawai.

Kafin a tashi Dakta ta gaya wa farfesan abin da ya faru a waƙar farko, don kada ya tafi da yabon da ba na gaskiya ba. Ya saurare ta, ya ce to, ya rufe littafinsa. Kwamitin bai rushe sashen ba, bai kuma wanke shi ba, ya ce zai dawo wani zangon ya sake dubawa. Shugaban kwaleji ya kira ta ofis ya yi mata tatas, ya ce a rayuwarsa bai taɓa ganin wanda aka miƙa wa nasara a hannu ya ce a sake ba. Maganar a ba ta tsangaya ta mutu daga ranar. Mai Sanda ya yi kwanaki yana gaishe ta daga nesa. Abin ya dame ta, ba ta ɓoye ba, don ta so kujerar nan kuma ta san malamanta ba su cancanci wannan zaman ɗar-ɗar ba. Amma abin da ya fi hana ta sukuni shi ne Uwar Aji ta daina zuwa bita.

Dakta ta aika mata da saƙo ta bakin 'yan ajinsu cewa tana ɗakin bita kullum bayan azahar. Ta kashe wayarta ta bar ta a ofis, abin da sai da sakatariyarta ta leƙo ta tambaya ko lafiya. Zaman jiran ya yi mata wuya ƙwarai. Ta zauna a kujerar fiyano ta miƙe, ta leƙa taga, ta goge murfin da hannun riga, ta koma ta zauna. Ranar farko ba wanda ya zo. Ta biyu ma haka, sai mai shara da ya leƙo ya ba da haƙuri ya koma.

Sai da mako ya juyo Uwar Aji ta turo ƙofa. Ba ta shigo sosai ba, ta tsaya a bakin ƙofa da jakarta a kafaɗa, kamar mai shirin juyawa. Ta gaishe ta, Dakta ta amsa.

"Ni fa ban ce na huce ba, Dakta."

"Na sani. Ba ni sauti, kowanne ya zo miki."

Matar ta daɗe tana kallon ƙasa. Sannan ta yi gyaran murya ta fitar da wani sauti gajere, mai kauri, yana rawa, ta yanke shi da sauri. Dakta ta sa yatsa a tsakiyar fiyano ta fara lalube tana gangarawa hagu. Ta wuce inda ake ɗauko waƙoƙin rukuni, ta ci gaba da sauka har wajen maɓallan da ba a cika taɓawa ba, waɗanda ƙura ta kwanta a kansu. Can ta same shi. Ta danna, ta bar shi yana amo a ɗakin, ta matsa gefe ta bar rabin kujerar.

"A sake," ta ce.

Uwar Aji ta sauke jakarta a ƙasa, ta zo ta zauna.